Rabon Faifan Kwamfuta: Inda Ake Asarar Takardun Mutane a Sabon Birni da Isa

Akasarin kwamfutocin da ke aiki a shagunan buga takardu na Sabon Birni da Isa na hannu ne. HP ne da Dell da Lenovo waɗanda suka gama yi wa ofisoshin Turai da Amurka hidima, suka shigo ta Legas, suka ratso Kano ko Sakkwato kafin su iso gabashin Jihar Sakkwato. Irin wannan kwamfuta, ko ba daɗe ko ba jima, sai an wayi gari ta ƙi tashi, ko ta yi nauyin da ba a iya aiki da ita, a ce sai an sake mata Windows. A tsakiyar wannan aiki akwai wani shafi da ke fitowa yana tambayar inda za a ɗora babbar manhajar. Ana ganin jerin layuka, Drive 0 Partition 1, Partition 2, har zuwa huɗu ko biyar, a ƙasa kuma ga maɓallan Delete da Format da New. Mai gyara kan wuce wannan shafi cikin minti ɗaya. A ganina babu wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi tunani kamarsa, domin a nan ne ake yanke hukunci a kan duk abin da mai kwamfuta ya tara.

Shawarar da ake yawan ji a bidiyoyin koyarwa ita ce mutum ya tura kayansa intanet, zuwa Google Drive ko OneDrive, sannan ya share faifan ba fargaba. Masu ba da wannan shawara suna zaune ne inda sabis ba ya yankewa. A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Isa da Sabon Birni na ciki. A cikin watan ne aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce matafiya su riƙa zagayawa ta Goronyo da Sabon Birni. Wanda ya ga wannan lokaci ya san cewa ajiyar da ke intanet tana iya zama ajiyar da hannu ba ya kaiwa gare ta, kuma zuwa birni neman ƙwararren mai gyara ba tafiya ce da ake yi don ƙaramin dalili ba. Ga kuma abin da ke cikin faifan. Kwamfutar shago ɗaya tana ɗauke da hoton takardun makarantar ɗaliban unguwa, da takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, da silif ɗin JAMB da na NIN, da kundin binciken ɗalibi, da karatuttukan tafsiri, da hotunan biki. Tun 2019 mutanen ƙauyukan wannan yanki ke tsallakawa Jihar Maraɗi gudun hijira, wasu kuma suna komawa cikin gari. Wanda ya bar gida cikin dare bai tsaya neman jakar takardu ba, don haka yana yiwuwa hoton da aka taɓa ɗauka a shago shi ne kaɗai abin da ya rage masa.

Shi faifan ajiya abu ɗaya ne a zahiri, ko mai juyawa ne ko SSD. Rabon da ake yi masa, wanda masu gyara ke kira fatishan, rubutu ne kawai a wani ɗan jadawali da ke farkon faifan, mai cewa daga nan zuwa can kashi na ɗaya ne, daga can zuwa gaba kashi na biyu. Windows sai ta ba kowane kashi harafi, ta nuna shi kamar faifai mai zaman kansa: C da D da E. An fara daga C ne domin A da B na tsofaffin faya-fayen fulofi ne da aka daina amfani da su. Maɓallin Delete yana goge sunan kashi daga wancan jadawali, Format kuma yana shimfiɗa sabuwar rajistar fayiloli wadda babu komai a cikinta. Dukansu biyu ba sa ɗaukar lokaci, kuma babu maɓallin komawa baya.

Hikimar rabon duk Bagobiri ya san ta tun kafin zuwan kwamfuta. Ba a gina rumbu a jikin madafa, ana ba shi tazara, don idan gobara ta tashi inda ake hura wuta kullum kada ta ci hatsin shekara. Kashin C shi ne wurin hura wutar. A nan Windows take, nan bairos ɗin da ya biyo filash ɗin kwastoma yake fara sauka, nan sabuntawar da wuta ta ɗauke a tsakiyarta take lalata fayilolin tashi, nan manhajojin da aka kwafo ba lasisi suke barin dattinsu. Idan kayan mutane suna D, mai gyara zai share C kaɗai ya ɗora sabuwar Windows, D na nan yadda aka bar shi. Aikin da zai ci yini ana kwashe kaya a filash ana mayarwa ya koma na awa ɗaya ko biyu.

Sai dai akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Mutum ya ji an ce kwamfutarsa tana da D, hankalinsa ya kwanta, alhali duk aikinsa a Desktop yake ajiyewa, ko Documents, ko Downloads. Waɗannan manyan folda uku duk a cikin C suke, ƙarƙashin Users. Ranar fomatin tare da Windows za su tafi, D kuma a same shi wayam sai 'yan finafinai. Maganin ba shi da wuya. A dama-danna Documents, a shiga Properties, a buɗe Location, a danna Move, a nuna masa wata folda a D. A yi wa Desktop da Downloads da Pictures haka. Daga ranar duk abin da aka ajiye a wuraren da hannu ya saba, a D yake sauka. Mai gyaran da ya raba faifai bai yi wannan ba ya yi rabin aiki ne.

Nawa za a ba C? Microsoft ta ce Windows 11 na buƙatar aƙalla 64 GB, amma wannan iyakar shiga ce, ba ta zama ba. Shagon da ke aiki da Office da CorelDRAW da Photoshop, ga sabuntawa na taruwa, zai ga jan layi a C cikin 'yan watanni idan aka matse shi. Ni dai a faifan 500 GB ina ganin a ba C tsakanin 120 zuwa 150, sauran duka a bar wa D. Kada a yayyanka shi gida biyar, na waƙa daban, na fim daban, na takardu daban, wannan aikin folda ne, kuma ƙarshensa wani kashi ya cika maƙil wani yana zaune fanko. Kuma idan aka ga faifan 500 ya nuna 465, ko na 256 ya nuna 238, ba cutar mai saye aka yi ba. Masu ƙera faifai da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024. Inda na saɓa wa masu cewa dole a raba kowane faifai shi ne ƙananan SSD na 128 GB, waɗanda ke nuna 119. Raba irin wannan wahala ce kawai. Gara a bar shi dunƙule ga Windows, idan laftof ɗin tana da gurbin DVD a cire shi a sa ɗan akwatin da ake kira kadi, a zura tsohon faifai mai juyawa a ciki ya zama D. Wannan ma ya fi rabo, domin faifai biyu ne na gaske.

Akwai masu ganin duk wannan tsohon yayi ne, tunda Windows 10 da 11 suna da hanyar sake kansu su bar fayilolin mutum. Gaskiya ne, kuma idan ta yi aiki madalla. Amma hanyar ta dogara ne ga lafiyar wasu fayiloli da ke cikin kwamfutar, ko kuma sauke giga da yawa daga intanet. Kwamfutar da ake kawowa shago a Isa galibi ta riga ta wuce nan, da filash za a tashe ta.

Sauran ƙananan layukan da ke cikin jerin fa? Idan aka bar Windows ta raba sabon faifai da kanta, takan yi kashi huɗu: ƙaramin kashin tashi na EFI mai kimanin 100 MB, wani mai 16 MB da ake kira MSR, babban kashin C, sai na farfaɗowa mai ɗaruruwan megabayit. Wanda bai sani ba yakan ɗauke su shara. Goge na EFI, kwamfutar ba za ta ƙara tashi ba ko da C lafiyarsa lau. Na farfaɗowa kuma ya nuna muhimmancinsa a watan Janairun 2024, lokacin da wata sabuntawar tsaro ta Windows 10 ta riƙa ƙin shiga kwamfutoci da dama saboda babu isasshen wuri a wannan kashi. Idan kwamfuta na da faifai biyu, ya fi kyau a zare na biyun kafin a fara, domin Windows takan ajiye kashin tashi a faifan da ba shi aka nufa ba, sai ranar da aka cire shi a rasa dalilin da kwamfutar ta mutu.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Jadawalin rabo iri biyu ne. Tsohon, MBR, ya zo ne a 1983 tare da PC DOS 2.0. Yana zaune a bayit 512 na farkon faifai, ba ya ɗaukar fiye da manyan kashi huɗu, ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2, kuma kwafinsa ɗaya ne tak. Sabon, GPT, wanda Intel ta fara tsarawa a ƙarshen shekarun 1990, Windows tana barin a yi kashi har 128 a kansa, kuma yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai saboda ɓacin rana. Hanyar tashin kwamfuta ma biyu ce: tsohuwar BIOS, wadda a saitin laftof ake rubuta ta Legacy, da sabuwar UEFI. Dokar Windows ita ce Legacy da MBR suke tafiya, UEFI kuma da GPT. Laftof ɗin da suka fi yawa a kasuwarmu, waɗanda aka ƙera daga wajen 2012 zuwa 2018, suna iya tashi ta kowace hanya, kuma nan rikicin yake. Mai gyara ya tashi filash ɗinsa ta Legacy, faifan kwastoma kuma GPT ne, ko akasin haka. Sai Windows ta fito da saƙon cewa ba za ta iya sauka a wannan faifai ba saboda tsarin rabonsa.

Abin da aka koya wa yara da yawa a wannan gaɓa shi ne a danna Shift da F10, a rubuta diskpart, a zaɓi faifai, a rubuta clean, sannan a juya shi zuwa tsarin da ake so. Saƙon yana ɓacewa kuwa, Windows ta shiga lafiya. Abin da ba a faɗa musu da babbar murya ba shi ne clean ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, kuma jadawalin gaba ɗaya yake sharewa, har da D ɗin da aka yi wa mai kaya alkawarin ba za a taɓa ba. Faifan ba shi da laifi tun farko. Filash ɗin ne aka tasa ta ƙofar da ba ita ba. A kashe kwamfutar, a shiga jerin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, a zaɓi sunan filash ɗin mai UEFI a gabansa idan faifan GPT ne. Idan bai fito ba, a sake haɗa filash ɗin da manhajar Rufus, a zaɓi tsarin da ya dace da faifan. Wanda ke wannan sana'a ya kamata ya riƙe filash biyu, ko ya yi amfani da manhajar Ventoy mai tashi ta hanyoyin biyu. In kuma lallai sai an mayar da faifan MBR zuwa GPT, tun 2017 Windows 10 take ɗauke da wata 'yar manhaja, MBR2GPT, mai yin juyin ba tare da share kaya ba. Ban ga uzurin rubuta clean a faifan da ke ɗauke da kayan wani ba.

Wannan magana ta ƙara nauyi ne saboda Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma tana neman UEFI da TPM 2.0, kuma idan injin Intel ne, daga zubi na takwas zuwa sama. Yawancin na hannun da talaka ke iya saye ba su kai nan ba. Wasu za su tsallake sharuɗɗan da dabara, wasu su zauna a Windows 10, wasu kuma, musamman ɗalibai, su gwada Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya da sauƙi a tsohuwar na'ura. Ga mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW ba na ba shi shawarar ƙaura gaba ɗaya, domin manhajar ba ta da zubin Linux. Amma zama da manhajoji biyu a faifai ɗaya abu ne mai yiwuwa, kuma rabo ne ginshiƙinsa.

Windows ake fara sawa, Linux ta biyo baya. A rage girman kashi daga cikin Windows ɗin kanta, ta Disk Management, a bar fili fanko na giga 40 ko fiye. A kashe Fast Startup, in ba haka ba Linux za ta tarar da kashin Windows kamar ba a rufe shi da kyau ba, ta ƙi yin rubutu a ciki. Shafin sa Linux yana ba da zaɓi: a zauna kusa da Windows, a share faifai duka, ko mutum ya raba da hannunsa. Zaɓi na biyu abin da ya faɗa shi yake aikatawa, faifan duka, ba C kaɗai ba. A can kuma babu harafin C ko D, sunaye ne irin sda2 da sda4 ko nvme0n1p3, don haka kafin a fara a rubuta girman kowane kashi a takarda, a kuma raɗa masa suna, ko da “KAYA” ne, don a gane shi. Mai raba wa Linux da hannu zai amfana idan ya ware /home daban, wato kwatankwacin D. Kashin swap ba dole ba ne yanzu, Ubuntu ta koma amfani da fayil tun 2017. Abin lura na ƙarshe: Linux tana karanta NTFS, tsarin fayilolin Windows, Windows kuwa ba ta karanta ext4 na Linux da kanta, har takan ce a yi masa fomatin. Kayan da ake so a gani ta ɓangarorin biyu a bar su a D mai NTFS.

Duk aikin da ya shafi matsar da iyakar kashi ko rage shi, kada a fara sai da tabbacin wuta. Batirin laftof ta hannu sau da yawa minti kaɗan yake riƙewa. Idan janareta ya mutu ana tsakiyar matsar da fayiloli, abin da zai rage ba tsohon tsari ba ne kuma ba sabo ba. Mai sola ya yi aikin da hantsi ko tsakar rana, lokacin da batura suka cika.

Akwai kuma wani sabon abu da bai kai kunnen masu gyara da yawa ba. Daga zubin 24H2 na Windows 11, idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, takan kulle faifan da BitLocker ba tare da an nema ba, kuma kullen na iya haɗawa da D. Mabuɗin buɗewa lamba ce mai alƙaluma 48 da ke ajiye a wancan asusu. Idan mai gyara ne ya ƙirƙiro asusun cikin gaggawa don ya wuce shafin, ya manta kalmar sirrin, to ranar da aka sake Windows za a tarar da D a kulle, kuma babu mai iya fasa shi, a Kano ne ko a Legas. Ba ina cewa a ƙi kullen ba. A hanyoyin da ake tare mutane a ƙwace kaya, laftof mai ɗauke da lambobin NIN da hotunan jama'a gara a ce a kulle take. Amma a kwafi lambar nan a takarda tun ranar farko, a miƙa wa mai kwamfuta a hannunsa.

Rabo yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta ƙarara. C da D a faifai ɗaya suke. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da girgizar babur a hanyar Gatawa, duk ba su san harafi ba. Idan faifan ya mutu da duka zai tafi, haka idan aka sace laftof ɗin, haka idan bairos mai kulle fayiloli ya shiga. Rabo yana kare kaya daga sake Windows ne kaɗai. Abin da ba a son rasawa sai an yi masa kwafi na biyu a faifan waje ko filash mai kyau, a ajiye shi a wani gida dabam. Takardun sikanin ba su da nauyi, dubbai za su shiga filash ɗaya. Ranar da sabis ya yi kyau, ko aka shiga Sakkwato, a tura mafi muhimmanci cikin giga 15 da Google ke bayarwa kyauta, ya zama kwafi na uku.

In kuma ƙaddara ta riga fata, an danna Delete ko an rubuta clean, abu na farko shi ne a tsaya cak. Kada a ci gaba da sa Windows, kada a kwafa komai a faifan. Fayilolin suna nan, adireshinsu ne ya ɓata, kuma kowane sabon rubutu a kansu yake hawa. TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier, takan gano kashin da aka goge ta mayar da shi jadawali, 'yar uwarta PhotoRec kuma takan tsinto fayiloli ɗaya-ɗaya ko da sunayensu sun tafi. A faifai mai juyawa ana yawan dacewa. A SSD fatan ya fi ƙaranci, saboda tsarin TRIM yana share gurbin da aka ce ba a buƙata. Wannan sauƙin dawo da kaya yana da ɗaya fuskar: fomatin na gaggawa ba ya goge sirri, don haka mai sayar da kwamfutar shago ya yi mata cikakken fomatin kafin ta bar hannunsa. Idan kuma kwamfuta ta zo da kashi ɗaya tak, babu inda za a kwashe kaya, ana iya ɗora Windows a kan C ba tare da an danna Format ba. Tsofaffin fayiloli za su koma wata folda mai suna Windows.old, a kwashe su da wuri kada a bar su a can.

Kirana ga masu gyara na Sabon Birni da Isa, da iyayen gidansu na Sakkwato da Farm Centre a Kano da ke koya musu aiki, shi ne kada a wuce shafin nan na Delete da Format sai mai kaya yana tsaye. A nuna masa jerin, a ce, “Malam, wannan za mu share, wannan za mu bari, akwai abinka a Desktop?” Idan ya ce bai sani ba, a tashi kwamfutar da filash ɗin Linux a duba tare, minti goma ne. Kai kuma mai kwamfuta, kafin ka miƙa ta, buɗe This PC ka rubuta girman C da D a takarda, ka kwashe takardun mutane a filash, kuma ka faɗa wa mai gyara da bakinka cewa ba ka yarda a share faifan duka ba sai an kira ka.